Zare Biyu a Kan Taswira

Ragnhild ta shimfiɗa taswira a teburin kicin,
ta ja zaren saƙar Inna ya miƙe sak
daga Kirkenes, ƙuryar arewa, zuwa Kristiansand a bakin kudu.
Ta ce, "Ka gani? Taƙi biyu. Ga tamu hanya."

Na karɓi zaren na bi da shi gefen teku.
Ya shiga kowane lungu da ruwa ya ci a jikin ƙasa,
ya fito, ya sake shiga, ya hau dutse, ya gangaro.
Zare ya ƙare a hannuna
ban ko kai tsakiya.

Inna Aslaug na zaune da kwat ɗinta tun asuba.
Likita ne ya yanke magana:
ƙirjinta ba zai ƙara ɗaukar duhun hunturun nan ba,
sai ta koma wajen 'yarta.
Ba ta ce uffan ba. Ta dubi agogon bango,
ta dubi masaƙarta, ta dubi tsohuwar karya.

Su ukun nan ba kayan jirgi ba ne.
Na ɗaure biyu a bayan a-kori-kura,
ta ukun ta hau kujerar gaba ba wanda ya ce mata bismilla.
A ƙofar filin jirgi Inna ta riƙe hannun rigata:
"Na san akwai yanke ta ƙasashen maƙwabta.
Kada ka bi. Bi ta tamu, ko da za ta ba ka wuya."

Ina tsaye ina shan mai kusa da Lakselv,
ban ci ko kashi ɗaya cikin biyar na titi ba,
waya ta yi ƙara a aljihu:
"Mun canza jirgi a Oslo. Mun sauka lafiya."

Ni kuwa da saura.
Barewar ƙanƙara goma sha ɗaya suka tsaya a kan kwalta
suna lasar gishiri, na kashe mota na jira su gama.
Na kwana a Alta, ɗakin yana warin kifi da jiƙaƙƙiyar safa.
A jirgin fito na Skarberget wani tsoho ya tambayi shekarun karya,
na faɗa, ya ce ta girmi aurensa na biyu,
muka yi dariya.

Duk ramin da taya ta faɗa, agogo ya buga a baya,
ƙarfe ɗaya, ƙarfe ɗaya, kullum ƙarfe ɗaya.
A kan Saltfjellet farin farko ya fara zuba,
na ga igiyar masaƙa ta saki,
na fita na ɗaure da yatsun da ba na ji.
Daga Trondheim itatuwa suka ƙara tsawo,
harshen masu sayar da kofi ya sauya,
ni ma na daina ƙirga kilomita, na koma ƙirga gajiya.

Rana ta huɗu, da la'asar, na wuce ta gefen filin jirgin Kjevik.
Wani jirgi na saukowa a hankali, ƙafafunsa a waje,
kamar bai san abin da ya tsallake ba.
Ban ji haushinsa ba. Aikinsa ke nan:
ya ajiye ka yau, hankalinka na can jiya.

Ragnhild ta tare ni a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa:
"Kwana huɗu ba ta cire kwat ɗin nan ba."
Karya ta riga ni shiga.
Inna ta ce, "Ni gajimare kawai na gani ta taga.
Zauna. Fara daga gadar Tana, kada ka tsallake komai."
Na fara.
Ina kaiwa wajen barewa da gishiri
hannunta ya tafi ga maɓallin wuya.